Kafin gatarin masu gawayi ya gama da bishiyoyin gona

Duk wanda ya bi hanyar Ningi zuwa Kano, ko ta Bauchi zuwa Jos, ko ta Kaduna zuwa Abuja a 'yan shekarun nan, ya ga abin da idonsa. Buhunan gawayi ne jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye an ɗaure da igiya, ga manyan motoci an labta musu kaya har sun karkace, sun nufi birni. A da, gawayi na maƙera ne da masu guga da masu shayi. Yau ya shiga gidan ma'aikacin gwamnati, ya shiga gidan malamin makaranta, har amarya ana haɗa mata kurfoti cikin kayan ɗaki. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka, risho ya koma tarihi a gidaje da yawa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kilon gas ɗin girki ya haura naira dubu, sai mata suka tura tukunyar gas lungu suka koma hura gawayi.

Babu mai hankalin da zai zargi matar da ke neman yadda za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Amma ya kamata ita da maigidanta su san abin da ke cikin ƙullin gawayin da aka aiko yaro ya sayo.

Ɗanyen itace mai tauri ake nema, don shi ke ba da gawayi mai nauyi da ke jimawa a wuta. Kirya ce kan gaba, sai marke, sai kaɗanya. Da can mutum kan yini yana fama da bishiya guda da gatari, yanzu kuwa injin yankan katako ya shigo, kafin azahar an kwantar da abin da ya shekara hamsin yana girma. A daddatsa gumaguman, a jera su, a lulluɓe da ɗanyen ganye da ciyawa, a bi da ƙasa, a bar 'yar kafa a cinna wuta. Kwana da kwanaki tudun na fitar da farin hayaƙi mai kauri, mai aikin na zagayawa dare da rana yana toshe duk inda ya tsage, don in iska ta samu shiga itacen toka zai zama. Ranar da aka tone, abin da ke fitowa da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen da aka zuba. Fiye da rabin ƙarfin wutar da ke cikin bishiyar ya riga ya salwanta a daji, ba wanda ya dafa ko ruwan shayi da shi.

Hayaƙin nan kuwa ba ɓacewa yake yi ba. A cikinsa akwai iskar kabon da iskar metan, waɗanda ke taruwa a sararin samaniya su tare zafin da ƙasa ta ɗauka daga rana su hana shi fita, tamkar an lulluɓa wa mai zazzaɓi bargo. Kafin masana'antun Turai su fara ƙona kwal da man fetur, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, kashi 280 ne na kabon. Yau ya wuce 420. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a taɓa ganin shekara mai zafin 2024 ba, kuma a cikinta ne zafin duniya ya zarce na wancan zamani da fiye da digiri 1.5, iyakar da ƙasashe suka yi alkawarin ƙoƙarin tsayawa a kai a birnin Paris a 2015.

A nan wani zai ɗaga hannu ya ce, to mu ina ruwanmu, mu muka ɓata? Yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa babba ce. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona mai da kwal a duniya. Ba'amurke guda na fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa ko kusa da na ɗan Najeriyar bai kai ba. Caina ita kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake fitarwa yanzu. Ƙasashe masu arziki sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin tallafin dala biliyan 100 duk shekara a Kofanhegan a 2009, ba su cika ba sai bayan wa'adin ya wuce da shekara biyu. A Baku a 2024 suka sake yin na biliyan 300, ba a jima ba Amurka ta sanar da sake ficewa daga yarjejeniyar Paris ɗungurungum. Bashi ne a kansu, kuma wajibi ne shugabanninmu su ci gaba da bin sa ba tare da jin kunya ba.

Sai dai zafin ba ya jiran a biya bashin. A farkon Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ma'aunin zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya karɓi gawa 102 cikin kwana huɗu, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata 130 aka samu a watan gaba ɗaya. Masanan da suka bi diddigin lamarin sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Wanda ya yi wannan azumin a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ba ya bukatar a ba shi labari. Ruwa ma ya canza hali: sai ya ɗauke a tsakiyar damina har shuka ta fara yaushi, sannan ya zubo na wata guda cikin dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ko da yake a nan sakacin gyaran madatsar ma yana da nasa kason. A daminar shekarar ce ruwa ya kashe ɗaruruwa a Nijar, ya rushe tsohon masallacin Damagaram, har aka ɗage komawa makarantu. Bayansu ga ambaliyar Mokwa a Mayun 2025.

A irin wannan hali ne muke sare abin da ya rage mana na kariya. Bishiya tana raye tana zuƙe kabon ta adana a jikinta da saiwarta da ƙasar da ke ƙarƙashinta, ranar da aka ƙone ta kuma ta mayar da shi sama gaba ɗaya. Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi duniya. Wanda ya shafe mu kai tsaye ya fi kusa: ita ke karya ƙarfin iskar da ke binne sabuwar shuka da rairayi, ita ke sa ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ƙasar gona ya yi kwari da ita, ita ce inuwar da tsoho da jariri da dabba ke fakewa a ciki ranar da ma'auni ya haura 45. Ƙasashe masu sanyi na iya yin muhawara a kan bishiya a matsayin lissafin kabon. Mu a nan, ko da hayaƙinmu bai kai a ƙirga ba, asarar bishiyar a jikinmu take ƙarewa.

Abin da ya sa nake ganin lokaci ya ƙure shi ne inda gatarin ya dosa yanzu. A wasu wuraren dajin ya ƙare, a wasu kuma 'yan bindiga sun hana shiga, don haka masu gawayi suka juyo kan bishiyoyin da ke cikin gonaki. Waɗannan ba tsirowa suka yi haka kawai ba, kakanni ne suka zaɓe su suka bar su da gangan: ɗorawa don kalwa da daddawa, kaɗanya don man kaɗe, tsamiya, kanya, gawo. Dillali zai zo wa manomi a watan da rumbu ya yi ƙasa, ga rashin lafiya a gida ko bikin 'ya, ya taya ɗorawar da ke tsakiyar gona. Kuɗin ba za su kai wata ba sun ƙare. Kaɗanya kuwa sai ta shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, kuma kuɗin man kaɗe da na daddawa na mata ne, su ke tsinta su sarrafa su kai kasuwa. Maigida ya sayar da bishiya sau ɗaya, uwargida ta rasa sana'ar kowace shekara, kuma galibi ba a ko shawarce ta ba. Ƙarin takaici, ba duk gawayin ne ma ke ƙarewa a murhunmu ba. Najeriya na cikin manyan masu samar da gawayi a duniya, kuma an daɗe ana loda wani kaso a kwantena ana kai wa Turai da ƙasashen Larabawa, a gasa nama a sha shisha da shi.

Jihohi da dama sun sanar da haramta sare itace don gawayi. Ban raina niyyar ba, amma dokar da ta tsaya a kama direba da ƙwace buhu, ba ta tanadi abin da za a dafa abinci da shi ba, abin da take haifarwa shi ne tsadar gawayi da ƙarin shingen karɓar na goro a hanya. Ka tsaya ka tambayi mai wannan sana'a, ba zai yi maka musu ba. Zai ce, "Malam, na san ɓarna ce. Amma in na bar ta yau, gobe wani zai sare ta, ni kuma yarana su kwana da yunwa." Duk wata dabara da ba ta amsa wannan magana ba, ɓata lokaci ce.

An kuwa amsa ta, kuma ba a nesa ba. A farkon shekarun 1980, bayan farin da ya ɗaiɗaita yankin Sahel, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. An kashe kuɗi mai yawa wajen rainon dashe a leda, ana dasawa rana da awaki da gara na cinyewa. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke cikin masu wannan aiki, ya tsaya a hanya wata rana a 1983 don rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara su tsiro, kowace shekara a share su a ƙone lokacin sassabe.

Abin da manoman suka koma yi, wanda suke kira sassaben zamani, ba ya cin ko sisi. Idan bazara ta zo mutum ya shiga gyaran gona, sai ya tsuguna gaban kututturen sabara ko kalgo ko gawo ya duba. Cikin rassa goma ko ashirin da suka fito, ya zaɓi uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran. Waɗanda ya bari ya aske musu ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa ko lauje mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Wasu kan ɗaura jan tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai ita. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, abin da dashe zai shekara biyar bai kai ba, toho kan kai cikin biyu ko uku. Rassan da ake datsewa duk shekara su ne itacen girkin gidan.

Da farko an yi musu dariya, don a wancan lokacin gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga bambanci, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Amma babban abin da ya juya lamarin shi ne mallaka. Tun dokar gandun daji ta zamanin Faransa, bishiya ta hukuma ce ko da a tsakiyar gonarka take, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka don ka sare reshe. Wa zai wahala ya raini abin da ba nasa ba? Da aka sassauta wannan a aikace, daga baya kuma aka gyara dokokin, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai ya zama shi ne mai gadi. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da makiyaya da mata, suka yanka tarar da za a ci duk wanda ya sari bishiyar wani. Da masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam, sai suka tarar an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A Matamai da Magarya da Mirya gawo ne ya cika gonaki, kuma kowane manomi ya san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani.

Daga Magarya zuwa Ɓaɓura ko Daura tafiyar ɗan lokaci ce. Harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya, auratayya ta ko'ina. Duk da haka mu a wannan ɓangaren har yanzu mun fi son bikin dashen itace, inda babban baƙo zai sa dashe a rami a ɗauki hoto, a watse, ba a sake waiwayarsa ba. Shirin nan na katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senigal zuwa Jibuti, wanda jihohi 11 na Arewa ke ciki, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kashi 4 cikin 100 kacal na burinsa aka cim ma. Da an karkatar da ko kaɗan daga kuɗin rainon dashe zuwa ɗaukar manoman Jigawa da Katsina da Yobe su je su kwana biyu a gonakin 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka, da an ga aiki.

Rainon toho zai ƙara itace, amma dole a rage wanda birni ke ci. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa a iska yake tafiya. Ingantaccen murhu, na ƙarfe ko na yumɓu da ake ginawa a tsakar gida, na iya rage itacen da ake ƙonawa da kusan rabi, ya kuma rage hayaƙin da ke cin idon mata da ƙirjin yaran da ke goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe mutum kusan miliyan 3 duk shekara a duniya. Maƙeranmu da masu walda za su iya ƙera irin wannan murhu in an nuna musu an kuma ba su jari. Buntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan Kura da Birnin Kebbi ana iya curawa a yi makamashi da shi. Gidajen burodi da makarantun kwana da gidajen gyaran hali, waɗanda ke cin gumagumai mota-mota, su ya kamata a fara sauya wa tanda, don lissafinsu a fili yake.

Gas ɗin girki shi ma daga man ƙasa yake, ba tsarkakakke ba ne. Amma tukunyar da aka dafa da shi ba ta kai ɓarnar wadda aka dafa da gawayin kaɗanyar da ba za a maye gurbinta ba. A nan ne gwamnatin tarayya ke da tambayar da za ta amsa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas. Tun 1979 aka yi dokar da ta ce daga 1984 a daina ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai, aka yi ta ɗage wa'adin, wata babbar kotun tarayya a Benin ta yanke hukunci a 2005 cewa ƙonawar ta saɓa wa haƙƙin rayuwa, amma har yau wutar na ci dare da rana a yankin Neja Delta, fiye da kubik mita biliyan 5 duk shekara a lissafin Bankin Duniya. Mutanen can na shaƙar guba, mutanen nan na sare ɗorawa saboda rashin abin girki. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take zuƙewa, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar. Hanya mafi kusa ta fara cika wannan alkawari ita ce a kashe waccan wutar, a kuma sauko da farashin gas da na tukunyarsa yadda mai albashi mafi ƙanƙanta zai iya saye.

Akwai sauran ƙananan abubuwa da ke hannunmu: injin ban ruwa mai aiki da sola a madadin mai shan fetur, barin kara da ganye su ruɓe a gona maimakon a banka musu wuta, da daina cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Duk suna da amfani, amma babu wanda ya kai na bishiyar gona gaggawa, don su ana iya farawa baɗi, ita kuwa in ta faɗi sai jikoki.

Wannan aiki ba sai an jira Abuja ba. Dagaci da mai unguwa na iya tara jama'a tun da kaka, lokacin da rumbu ke cike kuma dillali bai fara zagaye ba, a yi yarjejeniya a kan irin bishiyoyin da ba a sayarwa, a sa mata da makiyaya a ciki tun daga farko, don in ba su aminta ba awaki da sanda za su gama da tohon. Limamai na da abin faɗa a huɗuba game da sadaka mai gudana. Majalisun jihohi su rubuta a doka cewa bishiyar da manomi ya raina a gonarsa tasa ce, yana da ikon sassabe ta ya sayar da rassanta ba tare da malamin daji ya tsare shi ba. Kuma a lura da kalanda: ana sassabe ne a Maris da Afrilu. In aka jira sai an ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa a watan Yuli, tohon bana an riga an tara shi an ƙone.